Kokawar Kamfanonin Ƙwayar Silikon A Kan Kuɗin Masu Jari

A ranar Litinin, 27 ga watan Janairu na shekarar 2025, kasuwar hannun jari ta Amurka ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka kafa ta. Tsakanin buɗe kasuwa da safe da tashinta da yamma, darajar kamfanin Nvidia ta faɗi da wajen kashi 17 cikin ɗari, watau kusan dala miliyan dubu 590 suka bi ruwa a yini guda. Gobara ba ta tashi a kamfanin ba, ma'aikatansa ba su yi yajin aiki ba, kayansa kuma ba su yi kwantai ba. Abin da ya faru kurum shi ne wani ƙaramin kamfani na ƙasar Sin, mai suna DeepSeek, ya fito da manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ya ce ya gina ta da kuɗi kaɗan, sai tsoro ya kama masu jari cewa wataƙila duniya ba ta bukatar kayan Nvidia da yawa kamar yadda aka zata. Wata tara bayan haka, a cikin Oktoba na wannan shekara ta 2025, kamfanin da aka yi wa wannan kuka shi ne ya zama na farko a tarihi da darajarsa ta kai dala tiriliyan biyar, watau miliyan sau miliyan har biyar.

Duk mai hankalin da ya ji waɗannan labarai biyu tilas ya tambayi kansa wane irin kaya ne wannan da ake yi wa rububi haka, kuma da wane mudu masu jari suke auna kamfanonin da ke yin sa. Alal haƙiƙa sana'ar ta gaskiya ce, kayanta kuwa duniya ba ta iya tafiya sai da su. To, amma ingancin sana'a daban, farashin hannun jarinta daban, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne mutane da yawa suka sha yin asarar guminsu.

Dattawan da suka riƙe rediyo taransista a shekarun 1960 da 1970 sun riga sun san kakan wannan abu. Taransista wani ɗan makunni ne da ke buɗe wa wutar lantarki hanya ko ya rufe, an kuma ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1947. A 1958 da 1959 waɗansu injiniyoyi biyu, Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a nasa kamfanin, suka gano dabarar haɗa taransista da sauran sassa a kan ɗan ɓalle guda. Daga nan aka sami ƙwayar silikon, wadda asalinta ma'adini ne da ake tacewa daga yashi. Ƙwayar farko da kamfanin Intel ya fitar a matsayin ƙwaƙwalwar na'ura a 1971 tana ɗauke da taransista 2,300. Wadda Nvidia ya gabatar a 2022, mai lamba H100, tana ɗauke da wajen miliyan dubu 80. Wayar hannu, da mota, da na'urar asibiti, da injin cirar kuɗi na banki, da makamin soja, kowanne da irin tasa ƙwayar a ciki. A 2024 cinikin waɗannan ƙwayoyi a duniya ya haura dala miliyan dubu 620.

Kuskuren farko da sabon mai jari yake yi shi ne ya ɗauka duk kamfanonin nan abu ɗaya suke yi. Ba haka al'amarin yake ba, gama sana'ar ta rabu kashi-kashi. Akwai masu zane, irin su Nvidia da AMD da Qualcomm, waɗanda ke tsara yadda ƙwayar za ta kasance amma ba su da maƙera tasu. Akwai maƙeran kwangila, babbansu kuwa shi ne TSMC na tsibirin Taiwan, wanda ke karɓar zanen wasu ya ƙera musu, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na wannan aiki a duniya a hannunsa yake. Akwai masu ƙwayar ajiye bayanai, watau Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka. Sannan akwai masu yi wa maƙeran kayan aiki, kamar ASML na ƙasar Holan, wanda shi kaɗai ne a duniya ke yin injin da ke zana layuka mafi siranta a kan silikon da wani irin haske na musamman. Intel kuwa ya daɗe yana haɗa zane da ƙira a gida ɗaya. Kowane rukuni da irin ribarsa, da irin ciwon da ke kama shi.

Abin da ya sa kamfanonin ke kokawa a kan masu jari shi ne tsadar sana'ar. Inji guda na ASML ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa kuwa ya ninka haka. Maƙera guda ta zamani tana cin dala miliyan dubu 20 ko fiye kafin ta fitar da ƙwaya ko ɗaya, kuma bayan 'yan shekaru sai ta tsufa. TSMC shi kaɗai ya kashe kusan dala miliyan dubu 30 a kan gine-gine da injuna a 2024. Kamfanin da hannun jarinsa ke da daraja yana samun rance da sauƙi, yana iya sayen wani kamfani ya biya da takardar hannun jari maimakon tsabar kuɗi, yana kuma riƙe ƙwararrun injiniyoyinsa ta hanyar ba su rabo a cikin kamfanin. Wanda hannun jarinsa ya faɗi kuwa duk waɗannan ƙofofi sai su rufe masa a lokaci guda. Saboda haka yardar masu jari ita ma makami ce a fagen gasar, kusan daidai da gwanintar injiniya.

Labarin Intel ya isa darasi a nan. Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa shi a 1968, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana sarautar wannan sana'a. Da kamfanonin Japan suka matsa masa lamba da ƙwayar ajiya mai araha, sai a 1985 ya yi ƙarfin halin barin wannan fanni ya koma ga ƙwaƙwalwar kwamfuta, wannan shawara kuwa ita ta ɗaukaka shi. Amma da zamanin wayar hannu ya zo, Intel bai sami shiga ba. Daga baya maƙerarsa ta yi ta samun jinkiri wajen ƙanƙanta taransista, har TSMC ya sha gabansa, a daidai lokacin da kamfanin ke kashe maƙudan kuɗi wajen sake sayen hannun jarinsa daga kasuwa don faranta wa masu jari rai. A 2020 kamfanin Apple ya fara sallamar ƙwayar Intel daga kwamfutocinsa. A farkon Agusta na 2024 Intel ya ba da sanarwar dakatar da rabon riba da kuma rage ma'aikata wajen 15,000, hannun jarinsa ya faɗi da kashi 26 cikin ɗari a rana ɗaya, ya kuma rufe shekarar da asarar dala miliyan dubu 18.8. A Nuwamba na wannan shekara aka cire sunansa daga jerin manyan kamfanoni talatin na ma'aunin Dow Jones aka sa Nvidia a gurbinsa. A Agusta na 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta karɓi kusan kashi goma cikin ɗari na kamfanin a kan dala miliyan dubu 8.9, bayan wata guda kuma Nvidia ya ce zai zuba masa dala miliyan dubu biyar. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wanda ya shiga kuwa shi ne AMD. Wannan kamfani ya rabu da maƙerarsa a 2009, kuma a 2015 hannun jarinsa guda bai kai dala biyu ba, har ana raɗe-raɗin zai durƙushe. Lisa Su, wadda ta karɓi shugabancinsa a 2014, ta tattara ƙarfin kamfanin a kan zane, ta miƙa wa TSMC aikin ƙira. A 2022 darajar AMD a kasuwa ta wuce ta Intel, a watan Maris na 2024 kuwa hannun jarin nan ya haura dala 200. Wanda ya bi suna da girma a 2015 Intel zai saya. Wanda ya duba kayan da kowannensu ke shirin fitarwa shi ne ya ci riba.

Shi kuwa Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa suka kafa a 1993, da ƙwayar wasannin kwamfuta ya fara. Tun wajen 2006 ya soma gina wata manhaja mai suna CUDA wadda ke ba masu bincike damar amfani da ƙwayarsa wajen lissafi mai nauyi, ya kuma yi shekaru yana kashe kuɗi a kanta ba tare da masu jari sun ga amfaninta ba. Da ChatGPT ya fito a Nuwamba na 2022, duniya ta waiwaya ta tarar kusan duk masu gina ƙirƙirarriyar basira da kayan Nvidia suka saba aiki. Cinikin kamfanin a shekarar kuɗin da ta ƙare a Janairu na 2023 dala miliyan dubu 27 ne. A shekara mai bi mata ya kai miliyan dubu 61, a wadda ta ƙare a Janairu na 2025 kuwa ya kai miliyan dubu 130, inda tsabar riba ta kusa miliyan dubu 73. Waɗannan alƙaluma ba tatsuniya ba ne, kuɗi ne da suka shiga asusu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma babu mai adalcin da zai ce Nvidia bai yi gudunsa ba.

To, ina matsalar take? Ta farko tana cikin farashi. A ɗauki misalin kanti mai kawo ribar naira dubu ɗari a shekara. Idan aka saye shi naira miliyan ɗaya, cikin shekara goma mai saye ya mai da kuɗinsa. Idan aka saye shi naira miliyan bakwai, sai ya jira shekara saba'in, in dai ba ribar ta yi ta ƙaruwa ba. Lokacin da darajar Nvidia ta kai dala tiriliyan biyar, kasuwa ta yi masa kuɗi kusan ninki saba'in na ribar shekarar da ta ƙare a Janairu na 2025. Gaskiya ne ribar tana ta hauhawa a lokacin, amma ma'anar wannan farashi ita ce mai saye ya riga ya biya kuɗin ribar da ba a samu ba tukuna. In ta zo yadda aka zata, ya tsira. In ta zo da kyau amma ba ta kai yadda aka zata ba, asara ce. Irin wannan ta faru ga kamfanin Cisco, mai yin na'urorin haɗa intanet, wanda a watan Maris na 2000 ya zama kamfani mafi daraja a duniya, a kan fiye da dala miliyan dubu 500. Duk abin da aka faɗa game da intanet ya tabbata, amma hannun jarin Cisco ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, aka kuma share fiye da shekara ashirin bai koma inda yake ba.

Matsala ta biyu ita ce halin sana'ar kanta, wanda ya yi kama da na noman tumatir. In ya yi tsada bana, baɗi kowa sai ya shuka, kasuwa ta cika, a koma zubarwa. Bambancin kurum shi ne maƙera tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ta fara aiki, saboda haka sau da yawa kayan suna isowa bayan bukatar ta wuce. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, ƙwaya ta yi ƙaranci har kamfanonin motoci suka tsai da aiki. Kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, maƙera suka shiga faɗaɗawa. Zuwa 2023 kasuwa ta cika, cinikin duniya ya ragu da wajen kashi takwas cikin ɗari, ribar aikin Samsung ta faɗi da kusan kashi 85 cikin ɗari, Micron kuwa ya yi asarar dala miliyan dubu 5.8. Wannan hawa da sauka ya maimaitu sau da yawa tun shekarun 1970, kuma a kowane hawa akan sami masu rantsuwa cewa wannan karon ba za a sauka ba. Komai nisan jifa dai ƙasa zai faɗo.

Ta uku ita ce ƙarancin masu saye. Kaso mai tsoka na kayan Nvidia 'yan tsirarun kamfanoni ne ke ɗauke shi, irin su Microsoft da Amazon da Google da Meta, waɗanda su huɗu suka kashe fiye da dala miliyan dubu 200 a kan gine-gine da na'urori a 2024. Ɗan kasuwar da abokan cinikinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ranar da biyu daga cikinsu suka tsuke bakin aljihu sai ya ji a jikinsa. Daɗin daɗawa, su waɗannan masu saye suna zana tasu ƙwayar don su rage dogaro da shi, abin da ya taimaka wa kamfanin Broadcom, mai taya su wannan aiki, har darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya a Disamba na 2024. Akwai kuma wani salon ciniki da ya kamata a sa wa ido. A Satumba na 2025 Nvidia ya bayyana niyyar zuba jarin da zai iya kai dala miliyan dubu ɗari a kamfanin OpenAI, wanda shi kuma babban mai amfani da kayan Nvidia ne. A Oktoba AMD ya ba OpenAI damar mallakar hannun jarinsa har miliyan 160 in ya sayi kayansa yadda aka yi alkawari. Idan mai kanti ya ba mai saye kuɗin da zai sayi kayansa, littafin ciniki zai cika, amma mai duba littafin yana da haƙƙin tambayar daga ina ainihin kuɗin za su fito a ƙarshe.

Ta huɗu ita ce siyasa, wadda ba ta cikin littafin kowane akanta. Mafi yawan ƙwayoyin da suka fi ci gaba a duniya a Taiwan ake ƙera su, tsibirin da ƙasar Sin ke cewa yankinta ne, wanda tazararsa da gaɓarta ba ta kai kilomita 200 ba. Kamfanin attajirin nan Warren Buffett ya sayi hannun jarin TSMC na fiye da dala miliyan dubu huɗu a 2022, ya kuma sayar da shi cikin 'yan watanni, alhali yana yabon kamfanin, saboda wurin da yake zaune. A Agusta na 2022 Amurka ta yi dokar ware fiye da dala miliyan dubu 52 don dawo da ƙira gida, a Oktoba kuma ta hana sayar wa Sin ƙwayoyi da injuna mafi inganci. A Afrilu na 2025 wani sabon takunkumi ya jawo wa Nvidia asarar dala miliyan dubu 4.5 a kan kayan da ya shirya wa kasuwar Sin. Sa hannun jami'i guda a Washington ko Beijing yana iya rushe lissafin shekara.

Wannan magana ta shafi mai karatu a ƙasar nan fiye da yadda ta shafe shi a da, domin yanzu ma'aikaci ko ɗalibi yana iya sayen guntun hannun jarin kamfanin Amurka ta wayar da ke hannunsa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi halaliyarsa ta wannan hanya, amma ya kamata a tuna da 2008. A wancan lokaci malaman makaranta da ma'aikatan ofis da 'yan fansho sun yi tururuwa zuwa kasuwar hannun jari ta Legas, waɗansu da rancen banki, aka wayi gari ma'aunin kasuwar ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin Maris na 2008 da Maris na 2009. Hannun jari ya narke, bashi kuwa ya zauna daram. Mai sayen hannun jarin waje yana da ƙarin haɗari, gama yana caca a kan kamfani da kuma canjin kuɗi gaba ɗaya: dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma abin da ya hau yana iya sauka. Ga kuma 'yan damfara da ke fakewa da sunan ƙirƙirarriyar basira suna alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, irin waɗanda suka kwashe dukiyar jama'a a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka duk wanda ya ƙudura zai shiga, lalle ne ya tabbata dillalinsa yana da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa. Kada ya sa kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko na bashi. Kada ya tara ƙarfinsa duka a kan kamfani ɗaya, komai daɗin sunansa. Kafin ya saya, ya nemi sanin wane rukuni kamfanin yake ciki, su wane ne ke sayen kayansa, ninki nawa na ribarsa ake nema a biya, kuma ko kasuwa tana farkon hawa ne ko ta daɗe a sama. Wanda ba ya iya amsa waɗannan tambayoyi bai shirya ba, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga ɗalibai da jami'an da ke tsara manufofin gwamnati akwai darasin da ya fi na sayen hannun jari nauyi. Lokacin da Morris Chang ya kafa TSMC a 1987, bayan ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments, gwamnatin Taiwan ce ta sa kusan rabin jarin, bayan ta yi shekaru tana tura matasa koyon aikin tana kuma gina cibiyar bincike a Hsinchu. Samsung ya shiga ƙwayar ajiya a 1983, lokacin da mutane da yawa ke ganin wauta ce. Dukiyar da masu jari ke kokawa a kanta a yau ta fito ne daga makarantun kimiyya, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da manufar da gwamnatoci suka riƙe shekara talatin ba su sake ta ba. Ƙasar da ke sha'awar irin wannan arziki sai ta fara daga ɗakin gwajin kimiyya na makarantar sakandare da tashar wutar lantarki, ta kuma yi haƙurin da waɗancan suka yi.